Wuƙar Zaman Daji: Kauri Ne, Ƙarfe Ne, Ko Yadda Aka Wasa Ta?

Masu sha'awar zaman daji, waɗanda ke saɓa jaka su kwana biyu ko uku nesa da gari suna kafa bukka suna hura wuta da hannunsu, ba su da gardamar da ta kai ta wuƙa tsawo. Wannan ya ce sai mai kauri kamar sandar ƙarfe, wancan ya ce lambar da aka buga a jikinta ita ce komai. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu gwargwadon abin da hannu ya gwada.

Wai wuƙar tsira da wuƙar aikin daji ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, ko da yake masu talla na son haɗa su. Wadda ake kira wuƙar tsira asalinta daga soja take. Wuƙar Ka-Bar da sojojin kundumbalar ruwa na Amurka suka karɓa a 1942, tsawon bakinta ya kusa santimita 18, an yi ta ne don soja a fagen daga: da ita zai haƙa rami, ya ɓalle akwati, ya kare kansa. Ita kuwa wuƙar aikin daji 'yar sassaƙa ce. Danginta su ne puukko ta mutanen Finlan da wuƙaƙen garin Mora na ƙasar Suwidin, inda kamfanin Mora ke ƙera su tun 1891. Aikinta fiƙe turke, yanka igiya, fere ƙirare, fiɗa da gyaran kifi. Mors Kochanski, malamin zaman daji na Kanada da ya rasu a 2019, ra'ayinsa shi ne tsawon bakin wuƙa ya yi daidai da faɗin tafin hannun mai ita, wato wajen santimita 10.

To mai kauri da nauyi ba ta fi ba, tunda ba za ta karye ba?

Karyewa kam da wuya ta karye. Sai dai ba don gudun karyewa kaɗai ake ɗaukar wuƙa ba, don yanka ake ɗaukarta. Wuƙaƙen Becker BK2 da ESEE-5 kaurin bayansu ya ɗan haura milimita 6, nauyin kowacce ya kusa rabin kilo. Mora Companion kuwa tsakanin milimita 2 da biyu da rabi take. Fällkniven F1, wadda matuƙan jiragen yaƙin Suwidin ke ɗauka tun 1995, ta tsaya a tsakiya da milimita huɗu da rabi.

Na taɓa zama da sassafe bayan an kwana ana ruwa, komai ya jiƙe, ina son in fere busasshiyar zuciyar itace ta yi siraran gashi masu nannaɗewa waɗanda ke kama wuta da tartsatsi ɗaya. Da mai kaurin na fara. Maimakon ta shiga ta nannaɗo, sai ta riƙa tura itacen tana ɓalle guntaye masu kauri, kafin minti goma wuyan hannuna ya fara tsami. Abokin tafiyata ya miƙo mini 'yar siririyar tasa ba tare da ya ce uffan ba. Sanda uku na gama kafin ruwan da ya ɗora ya tafasa. Mai kauri ta fi wajen sara da faskare da ɓanɓare abu, wannan gaskiya ne. Amma in ka lissafa ayyukan da za ka yi da wuƙa a yini guda, mafi yawansu na siririya ne.

Me ake nufi da cewa ƙarfen ya ratsa mariƙi?

Wasu wuƙaƙen, ƙarfen bakin ne ke zarcewa har ƙarshen mariƙi da cikakken faɗinsa, a manna masa katako ko roba gefe da gefe. Wasu kuma 'yar wutsiya ce siririya ake cusawa cikin mariƙin. Ta farko ta fi jure duka, shi ya sa ko kamfanin Mora ya fitar da Garberg mai irin wannan ƙira a 2016. Aibinta nauyi, sannan a ƙasar sanyi ƙarfen da ya bayyana a gefen mariƙi yana cizon hannu. Mai wutsiya ma ba ta yar ba ce, ita kanta Ka-Bar irin ƙirarta ke nan.

Waɗannan lambobin, 1095 da D2 da 3V, me suke faɗa wa mai saye?

Abu uku ake nema a ƙarfen wuƙa: ya daɗe bai dakushe ba, ya jure duka bai yi giɓi ba, ya kuma ƙi tsatsa. Matsalar ita ce in ka ja ɗaya, sau da yawa ɗayan zai saki. Lambar tana gaya maka ne wanne aka fifita.

1095 shi ne tsohon hannu. Lambobi biyun ƙarshe na nuna yawan sinadarin kabon da ke cikinsa, wato kashi 0.95 cikin 100. Yana ɗaukar kaifi da sauri, kusan kowane dutsen wasawa yana cinsa, amma tsatsa kamar jiransa take. O1 ɗan'uwansa ne ta fuskar hali, shi aka yi amfani da shi a wuƙar Woodlore ta Ray Mears, malamin zaman daji na Biritaniya, wadda maƙera da yawa suka kwaikwayi ƙirarta. 5160 kabon ɗinsa wajen kashi 0.6 ne kawai, ƙarfen sifirin ɗin mota ne, ya iya shan duka ya dawo daidai. Ba banza ba maƙeran Nefal ke neman tsohon sifirin ɗin manyan motoci don ƙera kukri, babbar wuƙarsu mai lanƙwasa. In babbar wuƙar sara kake so, nan za ka duba.

D2 kuwa yana ruɗin mutane. Kabon ɗinsa kusan kashi 1.5 ne, kuromiyam kuma wajen kashi 12, sai mutum ya ɗauka ba ya tsatsa. Yana yi, a hankali dai, domin yawancin kuromiyam ɗin ya haɗe da kabon ya zama manyan ƙwayoyi masu tauri a cikin ƙarfen. Ƙwayoyin nan su ke sa ya daɗe yana yanka kwali ko igiya ko fata, su ne kuma ke sa bakinsa ya ɓantare in ya haɗu da gaɓar itace mai tauri. A ganina ƙarfen mafarauci mai fiɗa ne, ba na mai dukan wuƙa da kulki ba.

Sai na zamani waɗanda ake yi da garin ƙarfe a matse shi da zafi, yadda ƙwayoyin za su fito ƙanana su bazu daidai. CPM 3V ya yi suna wajen jure duka, ga shi ya fi 1095 riƙe kaifi nesa ba kusa ba. MagnaCut, wanda masanin ƙarfe Larrin Thomas ya tsara ya fito a 2021, ya matso kusa da haɗa abubuwan nan uku fiye da yadda aka saba gani. Kuɗinsu da yawa, sannan akwai wata ɗawainiya: suna da sinadarin banadiyam, wanda ƙwayoyinsa sun fi dutsen wasawa na yau da kullum tauri. In sun dakushe a daji ba ka da mawashi mai garin lu'ulu'u, za ka daɗe kana goga.

Mai tsatsa ko marar tsatsa?

Sai ƙarfe ya kai kimanin kashi 10.5 na kuromiyam ake sa shi a sahun marasa tsatsa. Tsoffin hannu na raina su, suna cewa ba sa kaifi. Wannan zance ya tsufa. 12C27 da 14C28N na Suwidin ƙwayoyinsu ƙanana ne, suna kaifi har su aske gashin hannu, ba su da wuyar wasawa, ba su kuma da gautsi. Duk wanda zai yi aiki a bakin teku, ko cikin kwalekwale, ko inda damina ba ta ɗagawa, su ne nasa.

Mai kabon kuwa kulawa yake so. Na taɓa yanka lemon tsami da tawa da dare, na mayar da ita cikin kuben fata mai laima ban goge ba. Da gari ya waye jajayen ɗigo sun yi layi a kan bakin, daidai inda ya fi siranta, sai da na sake wasa ta gaba ɗaya. Goge ta, shafa mata ɗan mai, kar ka bar ta kwana a jiƙaƙƙen kube. Shuɗi-shuɗin dattin da take yi da daɗewa ba tsatsa ba ce, yana ma ɗan kare ta, kar ka kankare shi.

Me ya sa wuƙa biyu masu ƙarfe iri ɗaya, ɗaya ta yi kyau ɗaya ta ƙi?

Horon wuta. Bayan an fitar da surar wuƙa, ana gasa ta zuwa wani zafi, a tsoma ta a mai ko a sanyaya ta da sauri ta taurare, sannan a sake ɗumama ta kaɗan don a rage mata gautsi. In aka kuskure nan, sunan ƙarfe ba zai cece ta ba. Ana auna taurin da ma'aunin Rockwell, za ka ga an rubuta HRC. Yawancin wuƙaƙen daji tsakanin 55 da 61 suke. Kamfanin ESEE na barin 1095 ɗinsu a 55 zuwa 57 da gangan, don bakin ya gwammace ya lanƙwashe da ya ɓalle, tunda lanƙwasa ana gyara ta a daji, giɓi kuwa sai an ci ƙarfe mai yawa. Ni dai zan zaɓi 1095 daga hannun wanda ya iya wuta a kan ƙarfe mai tsada daga hannun wanda ban san aikinsa ba.

Yanayin wasa bakin fa?

Wannan ya fi sunan ƙarfe tasiri a kan yadda wuƙa ke shiga itace, amma ba a cika tambaya ba. Salon ƙasashen arewacin Turai gangare ɗaya ne mai faɗi da ke sauka kai tsaye zuwa kaifi. Yana cin itace kamar kurfi, wasa shi kuma ko ɗan koyo zai iya: kwantar da gangaren a kan dutse, goga. Rauninsa bakin ya yi siriri, ƙashi ko tsakuwa na ji masa. Mai ƙundu, wanda ya ɗan kumbura kamar na gatari, irin na F1, ya fi ƙarfi kuma ya fi raba itace, sai dai wasa shi yana son hannu. Wanda aka sirance tun daga baya har baki ya fi daɗin yanka nama da albasa. Mai rami a gefe kamar askar aski, bar shi a wurin fiɗa.

Gaskiya ne marar tsatsa ba ya fid da wuta?

An cakuɗa abu biyu. Sandar tartsatsin da ake sayarwa yanzu, wadda Carl Auer von Welsbach ya ƙirƙiro haɗinta a 1903, ita ce ke ƙonewa in aka kankare ta, don haka kowane abu mai kaifin kusurwa zai yi, ko fasasshiyar kwalba. Abin dubawa shi ne bayan wuƙar ya kasance da kusurwa a tsaye, ba a goge shi ya yi santsi ba. Ƙyastu na gargajiya, inda dutse ke ƙwanƙwaso ƙarfen, shi ne ke bukatar ƙarfe mai kabon.

Ya halatta a faskara itace da wuƙa?

Ana yi: a ɗora bakin a kan itacen, a riƙa dukan bayan da wani guntun itace. Ga sanda mai kaurin wuyan hannu, marar gaɓa, don a kai ga busasshen ciki, ba laifi. Amma da itace ake duka, ba da dutse ko guduma ba, tsinin wuƙar kuma ya leƙo ta ɗaya gefen. In ta maƙale kar a murɗa ta, a fiƙe wani itace a buga shi cikin tsagar ya buɗe mata hanya. Yawancin wuƙaƙen da na ga sun karye, wajen murɗawar nan suka tafi.

Kai wacce za ka ɗauka?

Mai baki santimita 10 zuwa 11, kauri milimita 3 ko ɗan sama, ƙarfenta ya ratsa mariƙi, 14C28N in wurin da laima, 1095 ko O1 in busasshe ne. Mariƙin ya cika hannu ba tare da ramukan yatsu ba, domin za ka juya ta ta fuskoki da yawa. Nauyin da na rage a kan ƙatuwar, sai in cike shi da ƙaramin zarto mai naɗewa da ɗan dutsen wasawa a aljihun kube. In an ce lallai abin yanka ɗaya tak zan shiga daji da shi, kuma akwai sara da yawa a gaba, to nan kam zan ɗauki babba ta 3V ko 5160, in haƙura da tsamin hannu wajen fere ƙirare.