Faɗa-wuta a Tsaunukan Roki

Tsaunukan Roki jerin duwatsu ne da suka miƙe a yammacin Amurka ta Arewa, tun daga lardin British Columbia na Kanada har jihar New Mexico, tsawon kimanin kilomita 4,800, kuma mafi tsayinsu shi ne Dutsen Elbert da ke jihar Kolorado mai kusan mita 4,400. In ana zancen namun dajin wannan yanki yawanci ɓauna ake fara kawowa da kyarkeci da manyan bareyi masu ƙaho reshe-reshe da kuma beyar, amma akwai wani ɗan ƙwaro da ba kowa ke sa shi a lissafi ba alhali kuwa cikin manyan ma akwai masu ƙiba da shi. Faɗa-wuta ne, ɗan'uwan malam-buɗe-littafi mai yawon dare, wanda ke zagaya fitila har ya ƙone. A Amurka da Kanada kaɗai an san ire-irensa sama da 11,000, su kuwa malam-buɗe-littafin rana da kowa ke yabon kyansu ba su kai 1,000 ba.

Wanda ya fi suna a tsaunukan nan shi ne Euxoa auxiliaris, wanda masanin ƙwari Augustus Grote ya fara bayyanawa a 1873. Ba shi da wani kyan gani gaskiya, launinsa tsakanin toka-toka ne da ruwan ƙasa, in ya buɗe fukafukai bai wuce santimita 4 zuwa 5 ba, kuma in ka kama shi sai wata ƙura mai laushi ta manne maka a yatsu, ƙananan ɓawon da ke rufe fukafukan ne ke kakkaɓewa. Mutanen yankin miller suke ce masa. Danginsa ɗaya, wato Noctuidae, da tsutsar nan da ta shigo Afirka ta Yamma a 2016 ta addabi masara, sai dai iri daban ne kuma halinsu ma ba ɗaya ba.

Rayuwarsa a fili

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne ba a kan dutse ake haifarsa ba sam. A shimfiɗaɗɗun filayen noma da kiwo da ke gabas da tsaunukan yake fara rayuwa, su Kansas da Nebraska da Dakota da gabashin Kolorado da Wayomin da Montana har zuwa Alberta. Daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba macen ke zuba ƙwai a cikin ƙasa mai laushi, guda ɗaya kan yi 1,000 ko fiye, in aka samu ɗan yayyafi sai su ƙyanƙyashe, tsutsotsin su ɗan ci abin da suka samu kafin sanyi ya kankama, daga nan su laɓe a ƙasa su yi hunturu a haka. Sanyi bai cika kashe su ba, ranar da aka ɗan samu ɗumi ma fitowa suke su taɓa ci su koma.

Da dusar ƙanƙara ta narke wajen Maris da Afrilu, a nan ne manoma ke sanin suna nan. Alkamar da aka shuka tun kafin hunturu da ciyawar alfalfa da kanola su suka fi shan wahala, tsutsar takan fito da yamma ta yi ta gaigayar ganye, da rana ta shige ƙarƙashin ɓurɓushin ƙasa, shi ya sa manomi zai ga gona tana yin sanƙo-sanƙo bai ga mai yi ba sai ya tona. Shekarar da suka yi yawa suka cinye inda suke, sai su ɗunguma gaba ɗaya su tsallaka hanya zuwa wata gonar, dalilin da ya sa ake danganta su da rundunar soja kenan. Bayan sun ƙoshi sai kowace ta gina ɗan ɗaki a cikin ƙasa ta kwanta, makonni kaɗan ta fito da fukafukai. Zuriya ɗaya suke yi a shekara, ba ƙari.

Ƙaura, da yadda mutanen gari ke fama

Wajen tsakiyar Mayu zuwa Yuni sai tafiya. Maimakon su yi barbara su zuba ƙwai nan take yadda ƙwari da yawa ke yi, sai su tashi su nufi tsaunuka, tafiyar ɗaruruwan kilomita ana yin ta da dare. An daɗe ana ɗauka duk daga gabas suke miƙewa yamma, amma binciken baya-bayan nan da aka yi kan sinadaran fukafukansu ya nuna da yawa daga arewa suke gangarowa, har daga filayen Kanada.

Matsalar ita ce biranen Kolorado kamar Denver da Boulder da Fort Collins da Colorado Springs duk a gindin tsaunukan suke jere, wato a kan hanya, ga fitilu ko'ina ga furanni a ƙofar gidaje. To shi ƙwaron in gari ya waye duk wata kafa da ya samu shigewa yake, ƙarƙashin ƙofa, gefen taga, gareji, cikin injin mota, mutum ya buɗe ƙofa da safe su watso masa a fuska. Ba sa cizo, ba sa cin tufafi, ba sa haihuwa a cikin gida, iyakaci dai su hana ka barci da karo da gulob sannan su bar ɗigo-ɗigon ruwa mai ja-ja a bango da labule. Dabarar da aka fi yi ita ce a kashe sauran fitilu a bar guda ɗaya, a ajiye bokitin ruwan sabulu a ƙarƙashinta. Wasu kuma girgiza makullai suke, sai ka ga ƙwarin sun rikice suna faɗowa, saboda suna da kunnuwa a gefen ƙirji da ke jin siririn sautin da jemage ke fitarwa lokacin farauta, ƙarar makullan tana da irin wannan sauti a ciki sai su ɗauka maƙiyi ne ya iso.

A lokacin ne kuma ake ganin tsattsewa sun taru a mahaɗar tituna suna shawagi a kan motoci. Ƙwarin da suka kwana a jikin mota ne ke fitowa in an tsaya a danja, tsuntsayen kuwa sun gane wurin. Duk hayaniyar ba ta wuce makonni 5 zuwa 6, mafi tsananinta mako 2 ko 3, kuma ba kowace shekara ce ke yin yawa ba.

A saman dutse

Inda suka nufa sama yake da iyakar bishiyoyi, wurin da babu komai sai gajeruwar ciyawa da furanni da gangaren da ɓaraguzan duwatsu suka rufe. Da dare su fita shan ruwan furanni, a hakan suna kai wa furannin garin barbara daga wannan zuwa wancan, da asuba su dawo su cusa kansu cikin ramukan da ke tsakanin duwatsun inda akwai sanyi da laima, dubbai a wuri guda. Aikinsu kenan har tsawon wata 2 zuwa 3, kuma suna tara kitse sosai, zuwa ƙarshen lokacin kitse kan kai kashi 70 cikin 100 na busasshen nauyin jikinsu. Kowane ɗaya kimanin rabin kalori ne.

Rabin kalori ba komai ba ne sai an ninka. Beyar ɗin da ake kira girizili, mai gashi ruwan ƙasa da tozo a kafaɗa, wanda namijinsa kan haura kilo 200, yakan hawo gangaren nan tun sassafe daga wajen Yuli zuwa Satumba. Sai ya sa dogayen faratansa ya yi ta yaye duwatsu yana turo su baya ta tsakanin ƙafafu, duwatsun na gangarawa da ƙara, ƙwarin da sanyi ya sa suka yi nauyi suna rarrafe suna neman wata kafar, shi kuwa ya kafa baki yana lashe su da harshe. Da rana ta take ya nemi inuwa ko sauran dusar ƙanƙara ya kwanta, da yamma ya dawo. Masu bincike a Gandun Glacier da ke Montana, Don White da Katherine Kendall da Harold Picton, sun ƙiyasta cewa beyar ɗaya na iya cin har 40,000 a yini, kalori 20,000 kenan, wanda ya kai abincin babban mutum na sama da mako guda. Kuma dabba ce da za ta shiga rami ta yi barcin kusan wata 5 ba ci ba sha, macen ma a cikin ramin take haihuwa ta shayar, duk daga kitsen da ta tara.

Wani abin lura, girizili ba mai son taro ba ne, kowa da yankinsa, amma a gangaren faɗa-wuta za a ga da yawa a wuri ɗaya, har da uwaye da 'ya'yansu, kowa ya duƙufa a nasa ramin. Ba su kaɗai ba ne kuma, baƙin beyar na zuwa, hankaki da wasu ƙananan tsuntsayen tsauni na bin bayansu suna tsintar waɗanda suka tsere, koyote wato dilan can shi ma yana taɓawa, da dare jemagu su karɓa.

Tun shekarun 1950 aka rubuta labarin wannan ɗabi'a a Tsaunukan Mission na Montana, amma a yankin gandun dajin Yellowstone sai 1986 aka tabbatar da ita, masu bincike Steve da Marilynn French na cikin waɗanda suka yi shekaru suna bibiyarta. Yanzu an san wurare sama da 30 a yankin, akasarinsu a jerin Absaroka da ke gabas da kudu maso gabashin gandun, a jihar Wayomin.

Me ya sa abin ya dami masu kula da daji

A 1975 gwamnatin Amurka ta sa girizili cikin dabbobin da ke fuskantar barazana, lokacin ƙiyasin na yankin Yellowstone ya sauka har zuwa 136, yanzu kuwa ana maganar kusan 1,000. Manyan abincinsu masu maiƙo guda 4 ake lissafawa, naman manyan dabbobi, da wani kifi da ke hawowa ƙoramu yin ƙwai, da 'ya'yan itacen fayin mai farin ɓawo, sai faɗa-wuta. Biyu daga ciki sun ja baya ƙwarai. Kifin ya ragu bayan an gano wani baƙon kifi mai cinye shi a Tafkin Yellowstone a 1994, itacen kuma wata cutar tsatsa da ƙwaro mai huda ɓawo sun kashe shi da yawa har aka sa shi ma cikin jerin masu fuskantar barazana a ƙarshen 2022. Faɗa-wuta dai bai fasa zuwa ba. Kuma yana da wani amfani da sauran ba su da shi, yana janye beyar can ƙololuwa nesa da shanu da zangon 'yan yawon buɗe ido da mafarauta, a daidai watannin da yunwa ke sa shi shiga rigima da mutane, rigimar da yawanci shi ke mutuwa a ciki.

An yi fargabar ko maganin feshin da manoma ke zuba wa tsutsar zai bi jikin ƙwaron ya taru a jikin beyar, aka gwada waɗanda aka kamo daga tsaunin, abin da aka samu ɗan kaɗan ne da bai kai na cutarwa ba. Barazanar da ta fi kusa ita ce mutane masu hawan dutse. Binciken Glacier ya nuna beyar ɗin da aka dama yakan rage lokacin cinsa da kusan rabi, ya koma kai-komo da huci. Ƙabilun Salish da Kootenai, masu iko da wani sashe na Tsaunukan Mission, sun daɗe da ɗaukar mataki a nan, duk shekara suna rufe yankin Dutsen McDonald daga 15 ga Yuli zuwa 1 ga Oktoba, ba mai shiga, kuma a ganina ba a samu dabarar da ta fi wannan sauƙi ba har yau. Ƙwarin da suka tsira daga bakin beyar kuwa sai su gangara filayen a ƙarshen Agusta da Satumba su zuba ƙwai su mutu, dawowar ba ta cika jan hankalin mutanen gari ba don sun ragu sosai.

Wasu ire-iren

Akwai Hyles lineata mai kauri da ratsin fari a fukafukan gaba da ruwan hoda a na baya, wanda ke tsayawa cak a iska gaban fure ya zura dogon bakinsa, har mutane kan ɗauka ƙaramin tsuntsu ne. Yana cikin manyan masu yi wa furen kolumbin barbara, furen da jihar Kolorado ta ɗauka a matsayin tambarinta tun 1899. A busassun gindin tsaunuka kuma akwai ɗan fari ƙarami da ke zaune da tsiron yuka, macen da kanta take dunƙula garin fure ta kai ta cusa a wani furen bayan ta zuba ƙwai a cikinsa, 'ya'yanta su ci wani kaso na irin su bar saura, in babu ita tsiron ba ya yin iri, in babu tsiron ita ma babu ita.

Na ɓarna ma akwai, musamman wanda tsutsarsa ke cinye tohon itacen Douglas da danginsa, in ya ɓarke yakan yi shekaru a jere har daji ya koma ja kamar an babbaka shi. Sai Coloradia pandora, babba mai launin toka wanda ke ɗaukar shekara 2 kafin ya kammala rayuwarsa, tsutsarsa ganyen fayin take ci. Can yamma a gefen tsaunukan Sierra Nevada na Kalifoniya, mutanen Paiute na kwarin Owens da na Tafkin Mono sun daɗe suna cin wannan tsutsa, wanda ya saba da fara ba zai ga abin mamaki ba. Sukan haƙa ɗan rami zagaye da gindin bishiya, in tsutsotsin sun sauko neman wurin kwanciya a ƙasa wajen Yuni da Yuli sai su faɗa ciki, a kwashe a gasa a cikin yashi mai zafi, a shanya a inuwa su bushe a ajiye, in an tashi a dafa su a romo.