Victuals: Kalmar Turancin da Rubutunta ke Yaudarar Baki

Mece ce ma'anar victuals?

Abinci, musamman wanda aka tanada don tafiya ko don ciyar da taron jama'a kamar sojoji da ma'aikatan jirgin ruwa. A Hausa guzuri ya fi kusa da ita. Kusan kullum da s a ƙarshe take zuwa, a matsayin jam'i.

Yaya ake furta ta?

"Vitilz", gaɓa biyu, nauyin murya a kan ta farko. Ba a furta c, ba a furta u. Tilonta, victual, amonsa ɗaya da little. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwatanta ta da actual a ce "vikcuwalz", kuma har Turawan kansu suna faɗawa wannan rami.

Bahaushe yana da nasa tarkon daban, domin babu sautin v a harshenmu. Ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, ka fitar da iska tare da murya. Idan leɓuna suka haɗu, b za ta fito, in kuma ka ja wasalin, ka ce beetles ke nan, wato ƙwari irin su buzuzu. Wasalin gajere ne, kamar na "biki".

To me ya kawo baƙaƙen da ba a furtawa?

Kalmar ta shigo Ingila daga tsohon Faransanci a siffar vitaille, kuma haka mutane suka riƙa faɗa da rubutawa, ba c a ciki. A ƙarni na 16 masana da suka ƙware a Latin suka ga asalinta victualia ne, daga victus, abin da ake rayuwa da shi, sai suka cusa c da u a rubutu don a ga asalin. Bakin mutane bai bi su ba. Hannun nan ne ya sa b a debt da doubt, ya sa c a indict. Gyaran bai ƙara wa kowa komai ba sai wahalar ɗalibai.

Har yanzu ana amfani da ita?

Kaɗan. Tana cikin fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, da tarihin sojan ruwan Birtaniya, inda hukumar Victualling Board ta ciyar da jiragen yaƙi daga 1683 zuwa 1832 da busasshen biskit, nama mai gishiri, cuku da wake. A Ingila licensed victualler na nufin mai mashaya da ke da lasisi, ana kuma furta shi "vitla". A Amurka, musamman kudanci, akan rubuta vittles yadda ake faɗa, cikin raha ko kwaikwayon maganar ƙauye.

Zan iya sa ta a wasiƙar ofis?

Gara ka bari. Food ko provisions sun isa. Victuals ta fi dacewa da rubutun tarihi, ko wasa tsakanin abokai.