Waiwaye: Yadda manazarta al'adu suka koyi sauraren mai ba da labari

A ƙarshen 1949 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata dattijuwa mai suna Baba a Giwa ta ƙasar Zazzau. Tsohuwar tana ba da labarin rayuwarta da Hausa, ita kuma tana rubutawa da hannu. Mijinta, M. G. Smith, shi ne ya zo binciken al'adun Hausawa, amma namiji ba ya shiga gidan kulle. Daga wannan zama aka sami littafin Baba ta Karo a 1954, shekara uku bayan rasuwar Baba.

A wancan zamani manazarci yakan ɗauki labarin mutum tamkar buhu: ya zazzage hatsin, ya yar da buhun. Tun da masanin al'adu Malinowski ya zauna a tsibiran Trobriand na tekun Pasifik tsakanin 1915 da 1918, abin da ake nema shi ne tsarin al'umma, wato aure, gado da sarauta. Haka masu karatu da yawa suka yi wa Baba. Suka tsinci bayani kan rinji (ƙauyen bayi) da bayi, da ƙawance, da bori, suka wuce.

A 1967 masu nazarin harshe William Labov da Joshua Waletzky a Amurka suka nuna cewa labarin da mutum ke bayarwa da baki yana da ƙira: shimfiɗa, rikicewar al'amari, warwarewa, da kuma wurin da mai magana ke nuna dalilin da ya sa labarin ya isa a faɗa. Wannan na ƙarshe ne ya fi burge ni, domin a nan ake ganin mutumin kansa. Zuwa 1986 manazarta al'adu James Clifford da George Marcus sun juyo da tambayar kan masu binciken: rahotonsu ma ai labari ne da wani ya tsara, ya zaɓi abin sawa da na bari.

Da wannan ido, karatun Baba ya zama wani abu dabam. Me ya sa ta soma da kakanninta Barebari kafin ta zo kan kanta? Mace ce da ta yi aure huɗu ba ta haihu ba. Ta yaya take ambaton 'ya'yan da ta riƙa? Me ta fayyace don mai sauraronta baƙuwa ce, wanda da ƙawarta ce sai ta ce "kin dai sani"? Ni dai ina ganin asara mafi girma tana cikin abin da alƙalami bai iya kamawa ba a Giwa: inda muryarta ta sauka, da inda ta yi shiru kafin ta ci gaba.