WABC ta New York: tashar da ta yi tashen kiɗa, ta wayi gari ta koma zance

Yaushe aka kafa wannan tashar rediyo, kuma don me?

A watan Oktoban 1921 kamfanin Westinghouse ya buɗe ta a Newark da ke jihar New Jersey a Amurka, da sunan WJZ. Kamfanin yana ƙera akwatin rediyo, to wa zai sayi akwatin da ba abin ji a ciki? Sai ya kafa tasha don hajarsa ta shiga. A 1923 ta koma birnin New York, a 1953 kuma ta zama WABC.

Tun farko faifai take sawa?

A'a. A shekarun 1930 da 1940 makaɗa kan zo ɗakin watsa shirye-shirye su yi kiɗa kai tsaye, ga wasan kwaikwayo, ga barkwanci. Talabijin ce ta zo ta kwashe waɗannan shirye-shirye da taurarinsu, ta bar rediyo da faifai, wanda dama ya fi ɗaukar makaɗa araha.

Mene ne tsarin Top 40 da ta shahara da shi?

Ana ɗaukar waƙoƙi arba'in da suka fi tashe a kasuwa a yi ta juya su dare da rana. Wani mai gidan rediyo, Todd Storz, shi ne ya yi fice da wannan dabara a birnin Omaha a farkon shekarun 1950, WABC ta rungume ta a ƙarshen 1960. Shugaban shirye-shiryenta, Rick Sklar, ya ƙara matse jerin: waƙar da ke kan gaba sai ta dawo tun ba ka manta amshinta ba. Mai gabatarwa ba ya barin ko daƙiƙa ɗaya ta shiru, yana magana a kan farkon kiɗa, ya yi shiru daidai lokacin da mawaƙi zai buɗe baki. Masu sukar abin sun ce maimaici ne kawai, kuma da gaskiyarsu, amma matasa maimaicin suke so. Da yake WABC a matsakaicin zango (AM) take, da ƙarfin wat 50,000, in dare ya yi har jihohi masu nisa ake kama ta.

To me ya karya ta?

Zangon FM. Sautinsa ya fi tsabta, ba ƙarar tsawa, sannan tashoshinsa sun rarraba masu sauraro, kowa da irin kiɗansa. A 1978 tashar WKTU ta koma kiɗan disko zalla, cikin 'yan watanni ta sha gaban WABC. Masu talla kuwa inda kunnuwa suka yi nan kuɗinsu ke bi.

Yaya aka yi sauyin?

Ranar 10 ga Mayun 1982 da tsakar rana aka sa waƙar "Imagine" ta John Lennon, daga ita sai shirye-shiryen tattaunawa da kiran waya. Muryar ɗan Adam ba ta buƙatar tsabtar sauti irin ta kiɗa, don haka zance ya zauna wa matsakaicin zango daram.

Kiɗa ya sake dawowa?

Kaɗan. A 2020, bayan attajiri John Catsimatidis ya sayi tashar, tsohon mai gabatarwa Bruce Morrow ya dawo yana sa tsofaffin waƙoƙi daren Asabar, yana da shekara 84.