Jinyar damuwa ta hanyar magana a karkarar Kano da Jigawa

Jinya ta hanyar magana ita ce zaman da ake yi tsakanin mai damuwa da wani da ya karanci halayyar ɗan Adam, su tattauna abin da ke cin ransa a tsare, zama bayan zama, har ya samu sauƙi ko ya iya riƙe kansa. Ana yi wa mai ciwon damuwa, da mai yawan fargaba, da wanda ya ga tashin hankali abin ya ƙi barin zuciyarsa, da mai jegon da ta shiga ƙunci bayan haihuwa, da masu shaye-shaye, har da ma'auratan da zama ya ƙi daɗi. Wani sa'in ita kaɗai ta wadatar, wani sa'in kuma sai an haɗa da magani. A ƙauyukan Kano da Jigawa masu wannan aikin ba su da yawa sam, akasarinsu suna manyan asibitocin birni, shi ya sa mutum yakan fara da 'yan gida, ya je wajen malam, ya biya ta kemis, sannan ya kai gare su, in ma ya kai ɗin.

Tarihi

Tun kafin asibiti ya zo ƙasar Hausa akwai masu karɓar irin wannan lalura. Malamai suna ba da rubutun sha da tofi da laya, bokaye suna ba da saiwoyi da turare, 'yan bori kuma suna yin girka ga wanda aka ce iska ta taɓa shi. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da aka fara a 1804 ya yaƙi bori, amma bai ƙare ba, ya dai ja baya ya koma wajen mata da ƙauyukan Maguzawa. Ruƙiyya irin wadda ake yi yanzu, a karanta wa mara lafiya ayoyi a kunne har aljani ya yi magana, ta bazu sosai ne wajen tsakiyar shekarun 1990, lokacin da aka yi ta samun 'yan mata a makarantun kwana na Kano da Jigawa suna faɗuwa ana cewa aljanu ne, daga nan shagunan maganin Musulunci suka cika gari.

A littattafan Musulunci ma maganar ba sabuwa ba ce. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu wajen shekarar 934 Miladiyya, ya raba baƙin ciki gida biyu, akwai mai dalili kamar rashin ɗan uwa ko asarar dukiya, akwai kuma wanda ke sauko wa mutum haka kawai ba dalili, ya ce na biyun nan daga jiki yake kuma yana buƙatar magani. Ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya yadda ake ajiye magani a ɗaka saboda ranar ciwo. Masanin nan ɗan Sudan, Malik Badri, wanda ya rasu a 2021, shi ya dawo da aikin al-Balkhi gaban masana na zamani.

Turawan mulkin mallaka su kam tsarewa suka kawo ba jinya ba. An buɗe gidan ajiye masu taɓin hankali a Kalaba wajen 1904, sai na Yaba a Legas a 1907, aka yi dokar mahaukata a 1916, wadda aka sabunta a 1958. A Arewa sau da yawa gidan yari ake kai wanda ya gagari danginsa. Wanda ya sauya akalar abin shi ne Thomas Adeoye Lambo, ɗan Abeokuta, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Najeriya da ya yi karatu a Ingila. A 1954 ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, maimakon a kulle mara lafiya a asibiti sai a sama masa masauki a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, ya zauna tare da wani ɗan uwansa, uwa ko 'yar uwa ko kawu, da safe ya je asibiti a duba shi da yamma ya dawo cikin mutane, kuma Lambo bai kori masu maganin gargajiya ba, ya jawo su aka yi aikin tare. Tsarin ya yi suna har ƙasashen waje, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Duk wanda ya san yadda ake jinya a ƙauyen Hausa, inda ba a barin mara lafiya shi kaɗai, zai ga wannan tsarin ya fi kusa da mu fiye da yawancin abin da aka shigo da shi daga baya, abin takaici bai yaɗu yadda ya kamata ba.

A 1991 gwamnatin tarayya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci a rubuce. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don koya wa ma'aikatan da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba yadda za su gane lalurar su fara jinya.

Su wa ake nema, kuma a ina

Likitan ƙwaƙwalwa likita ne cikakke da ya ƙara karatu a wannan fannin, shi ke rubuta magani ya kwantar a asibiti. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti shi ne ainihin mai jinya ta magana, ba ya rubuta magani. Akwai nas-nas da suka yi kwas na musamman kan masu taɓin hankali, kuma a gaskiya su ne ke riƙe da aikin a wurare da yawa, sai ma'aikatan jin daɗin jama'a, sai malaman ba da shawara na makarantun sakandare waɗanda aikinsu ya fi karkata ga karatu da tarbiyya. Adadin likitocin ƙwaƙwalwa da ake yawan ambata a Najeriya bai kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200.

A Kano akwai asibitin Dawanau a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, kan hanyar Katsina, da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A Jigawa akwai asibitin masu taɓin hankali na Kazaure, sai manyan asibitoci irin na Rasheed Shekoni a Dutse da na tarayya da ke Birnin Kudu. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Arewa sun haɗa da na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana ba masu shaye-shaye shawara. Ga mutumin Birniwa ko Maigatari ko Doguwa kuwa duk waɗannan tafiya ce ta yini, shi ya sa hanya mafi sauƙi ita ce a fara da asibitin sha-ka-tafi na kusa ko babban asibitin ƙaramar hukuma, a yanki kati, a faɗa wa malamin asibiti abin da ake ciki ba ɓoye-ɓoye, in abin ya fi ƙarfinsu su rubuta takarda su tura gaba. Yana da kyau a tambayi ranar da ake ganin masu wannan lalurar kafin a hau mota.

Mutane da yawa ba sa zuwa da maganar damuwa, da ciwon kai suke zuwa, ko zafin jiki, ko faɗuwar gaba, ko rashin barci, sai a yi ta ba su maganin maleriya da taifot. Miji zai ce “Malam, tun da ta haihu ba ta barci, ba ta cin abinci”, to wannan bayanin ya fi amfani ga ma'aikacin lafiya fiye da a ce jiki ne kawai ba daɗi.

Hanyoyin jinyar

Mafi daɗewa ita ce ta Sigmund Freud, likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, tun ƙarshen shekarun 1890. Ana tono abin da ya faru da mutum tun yarinta da abin da ya danne a ransa, ana iya shafe shekaru. Da wuya a same ta a nan.

Carl Rogers a Amurka, wajen shekarun 1940, ya kawo salon da mai jinyar ba ya yanke hukunci ba ya wa'azi, saurare yake yi da kyau har mai damuwar ya gano mafita da kansa. Akan koyar da wannan salon ga masu ba da shawara a makarantu. Matsalarsa a karkara ita ce dattijon da ya biya kuɗin mota ya zo yana jiran a ce masa yi kaza bar kaza, in aka yi ta tambayarsa yaya yake ji sai ya ɗauka likitan bai san aiki ba.

Hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda Aaron Beck ya gina a shekarun 1960 a jami'ar Fensilbaniya, ita ce aka fi yi wa gwaji, musamman kan ciwon damuwa da fargaba. Ana zama sau ɗaya a mako, kamar minti 45 zuwa awa guda, yawanci zama 6 zuwa 20. Asalinta shi ne abin da mutum ke faɗa wa kansa yana shafar yadda yake ji da abin da yake aikatawa, misali manomin da ambaliya ta cinye masa shinkafa a fadamar Haɗeja ya ce shi ke nan ya zama ba shi da amfani, sai ya daina fita majalisa, ya daina zuwa kasuwa, zaman ɗakin ya ƙara masa ƙunci, ƙuncin ya ƙara tabbatar masa da maganar. Mai jinyar zai bi tunanin nan da shi ɗaya bayan ɗaya a duba gaskiyarsa, a kuma tsara masa ƙananan ayyukan da zai koma yi. Akan ba da aikin gida na rubutu, wanda ba ya karatun boko sai a sauya masa da hotuna ko ajami ko wani ɗan gida ya riƙa tuna masa. An gwada wani salo nata a ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, inda ma'aikatan lafiya mata masu bi gida-gida suka yi wa masu ciki da masu jego, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna damuwar ta ragu sosai.

Akwai wadda ke duba dangantakar mutum da mutanensa, ta Gerald Klerman da Myrna Weissman a shekarun 1970. Abu huɗu take bi: rashi, saɓani, sauyin rayuwa irin su aure ko saki ko zuwan kishiya, da kaɗaici. An gwada ta a ƙauyukan Uganda cikin rukuni, maza daban mata daban, tsawon mako 16, kuma ta yi aiki. A ganin mai wannan rubutun ita ta fi kama da irin matsalolin gidan Bahaushe.

Hanyar warware matsala ta fi kowacce sauƙin koyarwa, a jero matsalolin, a zaɓi guda, a nemo abin da za a iya yi a makon nan. Da ita likita Dixon Chibanda ya fara shirin bencin zumunci a Harare ta Zimbabwe wajen 2006, inda aka horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a harabar asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da makamancinsa mai zama 5 a 2016.

Ga masu shaye-shaye akwai salon zaburarwa na William Miller, 1983, ba faɗa ba gori, a bar mutum ya faɗi dalilinsa na son dainawa da bakinsa. Buƙatarsa ta fito fili bayan hana maganin tari mai kodin a Najeriya a 2018.

Magana ba ta maye gurbin magani ga wanda ke jin muryoyi, ko yake sambatu, ko ya kwana da kwanaki ba barci yana ta ɓarnar kuɗi, ko mai farfaɗiya. Wanda ya fara maganar kashe kansa, ko mai jegon da ta rikice, asibiti ake kai su a ranar. Maganin damuwa kan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ga alamarsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya ba da sanin likita ba.

Malamai da masu sulhu

Rikicin aure da na gado yawanci iyaye da waliyyai ke fara shiga, sai liman, sai mai unguwa ko dagaci, sai Hisba. Sulhu ne, burinsa a daidaita mutane, ba lallai ya taɓa ciwon da ke zuciyar mutum ɗaya ba, kuma sau da yawa da “ki yi haƙuri” ake rufe zaman. Addu'a da asibiti ba sa karo, iyalai da yawa suna haɗa biyun. Wani gwaji da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ta Ghana, wanda ya fito a 2020, ya nuna masu taɓin hankalin da ke wajen masu maganin gargajiya da na addini sun fi samun sauƙi idan ma'aikatan asibiti na zuwa duba su a can.

Tantance mai jinya

A tambayi inda ya yi karatu da asibitin da yake aiki, da zama nawa za a yi, da wanda zai ji abin da aka faɗa. Sirri shi ne babban abu a ƙauye inda kowa ya san kowa, musamman ga budurwar da iyayenta ke tsoron maganar ta hana ta miji. Mace na iya neman mace ta gan ta, ko ta shiga da 'yar uwarta. Wanda ya yi alƙawarin warkewa cikin kwana kaza, ko ya ce a zubar da maganin asibiti, ko ya nemi keɓewa da mace, a bar shi. Akwai masu yi ta waya da intanet, yawanci da Turanci.

Kuɗi

Kuɗin mota da na magani sun fi kuɗin ganin likita nauyi a asibitin gwamnati. Jihohin biyu suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya.

Doka da saɓani

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba mara lafiya haƙƙin a nemi yardarsa a kare shi daga cin zarafi. Gidajen mari sun jawo ce-ce-ku-ce a 2019 bayan 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wasu a Rigasa ta Kaduna da Daura, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Masu kare gidajen sun ce iyaye ne ke kawo 'ya'yansu don ba su da wani wurin. Yunƙurin kashe kai laifi ne a sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Arewa, likitoci na neman a soke shi.