Cinikin filatinam a ƙarshen zamanin Sarauniya Biktoriya

Filatinam farin ƙarfe ne mai nauyi wanda ba ya tsatsa, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,768 a ma'aunin Salshiyos. A shekarun ƙarshe na mulkin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ta rasu a 1901, darajarsa ba ta kai ta zinare ba, amma tana ta hauhawa.

A cikin Turawa, 'yan Sifen ne suka fara cin karo da shi a kogunan yankin Choko na ƙasar Kolombiya, suka raɗa masa suna "platina", wato 'yar azurfa, don raini. Bayan da aka gano shi a duwatsun Ural a shekarun 1820, kasuwar ta koma hannun Rasha, musamman ma'adinan iyalan Demidov da ke kewayen Nizhni Tagil. Har kuɗi Rasha ta buga da shi daga 1828 zuwa 1845. Zuwa ƙarshen ƙarnin, kusan kashi 9 cikin 10 na filatinam ɗin duniya daga can yake fitowa.

Sai dai haƙowa daban, cin riba daban. Ɗanye ake fitar da mafi yawansa, a tace shi a Landan da Faris da Hanau ta Jamus. Kamfanin Johnson Matthey da a lokacin yake unguwar Hatton Garden a Landan shi ne uban tafiya, don haka 'yan kamfanoni ƙalilan ne ke da ta cewa kan farashi. Zinare kuwa dokar Ingila ta lokacin ta ƙayyade masa kuɗi: fam 3 da sule 17 da kobo 10 da rabi kan kowace oza ta zinaren da ake buga kuɗi da shi. Filatinam ba shi da irin wannan jigo, yana tashi yana sauka yadda kasuwa ta kaya.

Arhar da yake da ita ta yi wa masu buga jabu daɗi. Tunda nauyinsa ya ɗan ɗara na zinare, sai su buga tsaba da shi, su shafe ta da ruwan zinare, sikeli ya kasa tona asiri. Sai ta sha hannu, farin ya fara leƙowa a gefe, sannan mai ita ya gane an yi masa sakiyar da ba ruwa.

Masana'antu ne suka kashe wannan sana'a, domin buƙatarsu ta sa ya yi tsada. Masu haɗa asid na farar wuta suna buƙatar tukwanen filatinam, likitocin haƙori suna saye, masu hoto ma suka shigo bayan da William Willis ya yi rajistar dabararsa ta wanke hoto da shi a 1873. Sannan ga ƙwan lantarki: a wancan lokacin siririyar wayar da ke ratsa gilashin ta filatinam ce, domin shi da gilashi kusan daidai suke buɗewa idan sun ji zafi, ƙwan ba ya tsagewa. Ma'aunan mita da kilo na duniya da aka amince da su a 1889 an yi su ne da kashi 90 filatinam, kashi 10 iridiyam, wani ƙarfe ɗan'uwansa.

A farkon ƙarni na 20 farashinsa ya zarce na zinare. Babbar jijiyar ma'adinin da ke Afirka ta Kudu kuwa, sai a 1924 aka gano ta.