An haɗa injin mashin: me ya kamata a yi kafin a tayar?

Waɗannan tambayoyi ne da masu mashin a Gombe ke yawan yi, musamman 'yan acaɓa masu Bajaj Boxer da Jincheng, idan an sauke musu inji an sa sabon fistin da ringi.

An riga an zuba baƙin mai, me zai hana a buga kiki kawai?

Man da aka zuba yana kwance ne a ƙasan inji. Famfon mai ke jawo shi, ya tura ta wata siririyar hanya har kan inji, inda bawul suke, da kamshaf, sandar da ke buɗe su tana rufewa. Injin da aka wanke da fetur aka haɗa, wannan hanyar a bushe take ƙayau. Idan aka tayar aka murɗa totur, kafin mai ya iso ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe. Ranar ba za ka ji komai ba. Sai bayan 'yan makonni ƙara ta fara fitowa daga kan inji, mai mashin ya dawo yana rantsuwa cewa kayan jabu aka sa masa, alhali tun minti na farko aka yi ɓarnar.

To yaya ake kai man sama?

Tun wajen haɗawa ake farawa. A shafa wa fistin da ringi da cikin silinda da kamshaf baƙin mai, kada a sa komai a bushe. Bayan an ɗora inji, a zuba mai daidai awo; irin waɗannan ƙananan injuna kusan lita 1 suke ci, kuma 20W-50 aka fi yi musu amfani da shi. Sai a kashe makulli, a cire fulogi don injin ya juya da sauƙi, a buɗe murfin da ake saita bawul, a yi ta buga kiki ana leƙawa. Za ka ga mai ya fara tsattsafowa yana jiƙa wajen. Ni a ganina bakaniken da bai ga wannan da idonsa ba bai gama aiki ba, komai gwanintarsa.

In an yi ta bugawa man bai fito ba fa?

Kada a tayar, ko da mai mashin na tsaye yana gaggawa. Sau da yawa gam ɗin gasket, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin ƙarafa biyu don hana yoyo, ne aka lafta da yawa, ya matso ya toshe ramin mai, ramin da bai fi tsinken ashana kauri ba. Wani lokaci gasket ɗin aka juya baibai ya rufe ramin, ko ragar tace mai ta cika da datti, ko famfon kansa ya gaji. Sake kwancewa na da ciwo, amma ya fi sayen sabon kan inji araha nesa ba kusa ba.

Wajen ɗora injin a jikin mashin, akwai abin lura?

A zura duk notunan su zauna tukuna, sannan a bi su ana ɗaurewa. Wayar at, wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfe, kada a manta da ita. Sarƙa a bar mata sassauci kamar santimita 2 zuwa 3, a sa wa bakin salansa sabon gasket. Kafin a rufe injin, a tabbata alamar T ta jikin magneto, faifan da ke samar da wuta, tana kan alamarta ta jikin inji, alamar kamshaf kuma tana kan tata ta kan inji.

Ya tashi. Zan iya komawa aiki yau?

Za ka iya, amma a lallaɓa. A bar shi a silo na 'yan mintoci, ana duba yoyo ana kasa kunne. Ɗan hayaƙin farko man da aka shafa ne ke ƙonewa, zai wuce. A kilomita 500 na farko kada ka wuce gudun 50, kada ka ɗauki mutum biyu ko buhunan masara, kada ka kama hanyar Kaltungo ko Dukku da tsakar ranar watan Afrilu, domin iska ce kaɗai ke sanyaya injin nan. Bayan kilomita 500 ɗin a juye man, za ka ga ɓurɓushin ƙarfe na ƙyalli a ciki. In lokacin hunturu ne, a wanke soson tace iska a ranar, don ƙura na cinye sabon ringi da wuri.